Magajin Dogo

Shekaranjiya ɗan maƙwabcina ya aiko a kira ni, wai in zo in ga abin arziki, saniyarsa ta haihu. Na ɗauki sandata na tafi, don ni har yau in aka ce saniya ta haihu ba na iya zama. Na tarar sun kewaye ta, ana ta barka, ana ɗaukar hoto da waya. Na kutsa na leƙa. Wallahi da ba a gindin uwarsa na same shi ba, cewa zan yi ɗan akuya ne. Ƙafafu kamar sillen kara, ƙirji a tsuke, gadon baya a lotse tun bai ɗauki komai ba. Na yi barka, tunda barka dole ce, sannan na tambayi yaron wane sa ne uban maraƙin. Ya dube ni, ya dubi abokansa, suka kwashe da dariya. Ya ce ina zai sani, ai da cikinta ya sayo ta a kasuwar Bunkure, kuma wai ma wa yake tambayar uban maraƙi? Na dawo gida raina a ɓace, tuwon ma kaɗan na taɓa. Mai ɗakina ta ɗauka ciwon gwiwar ne ya motsa, ni kuwa na bar ta a haka.

A gidan da na tashi ana tambaya. Mu ba Fulani ba ne, manoma ne kaka da kakanni a nan ƙasar Kura, amma mahaifina yana da shanu da ba su cika talatin ba, kuma babu wadda bai san uwarta da kakarta da bijimin da ya haife ta ba. In an sallame sallar asuba, abin da ke fara shiga kunnenka kukan maraƙa ne suna neman uwayensu, sai ƙarar tatsa a cikin ƙwarya, tana farawa da kaifi, in nono ya taru sautin ya yi laushi. Daga nan sai rurin bijimi daga turkensa, wanda in ya yi shi har a ƙirjinka kake ji. Aikina ni da yayana shi ne mu kwashe kashin shanu mu tara don gona, mu jiƙa kanwa, mu ja ruwa a rijiya har tafin hannu ya yi kanta. Innarmu takan tsaya a bakin garke da ƙwarya tana faɗa, wai an bar wa maraƙa nono da yawa, me za ta dama fura da shi? Baba kuma ya ce ta yi haƙuri, nonon da maraƙi ya sha yana nan a ƙashinsa, za ta gan shi ranar kasuwa. A lokacin ciyar da saniya ba wani abin tashin hankali ba ne. Da an gama girbi ƙasar duka ta zama ta shanu, kara a tsaye, ganyen wake a zube, ga fadama, ga burtali a buɗe daga bakin gari har rafi. Mai gona ma roƙo yake a kwana da su a gonarsa su bar masa taki. Abin da za ka kashe bai wuce kanwa da gishiri da ƙarfin jikinka ba.

Bijimin nan Dogo muke ce masa. Fari ne sol, kunnuwa da hanci baƙaƙe, tozonsa ya kwanta gefe guda don girma, ga shi da sanyin hali, mace da tulu a ka tana wucewa ta gabansa bai ɗaga kai ba. Shi kaɗai Baba ya yarda ya hau shanunmu. Duk maraƙi namiji da bai yi masa ba, kafin ya san kansa an kai shi kasuwa, kuɗinsa ya shiga hatsi ko suturar salla. Kuma yadda Baba yake zaɓe ya sha bamban da na mutane. Mutane maraƙi suke dubawa, shi uwar yake fara dubawa. Tana haihuwa duk shekara, ko sai ta tsallake? Da kanta take saukewa, ko sai an sa mata hannu? In rani ya tsananta tana riƙe jikinta, ko zubewa take? Ɗanta yana ƙoshi? Yakan ce mana saniyar da ke tsallake shekara ci kawai take, kai kake yi mata bauta, kuma 'yarta ma haka za ta yi. Ba ya kuma yarda Dogo ya hau 'ya'yansa. In karsana ta isa, sai ya yi musanyenta da wani Bafulatani abokinsa, a kawo masa wata daga wani jinin.

Garinmu da ƙauyukan kewaye duk wajen Dogo ake kawo shanu, kuma Baba ba ya karɓar ko kwabo. Al'adar ita ce, duk wanda saniyarsa ke neman sa, ya jawo ta, ya ɗoro damin harawa guda a ka, ya dire a gaban turke. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda na taɓa ganin ya tsallake ta a lokacin. Da harawar nan ta mutane Dogo yake ƙare rani bai rame ba, su kuma su tafi da irinsa. In ka bi garken kowa a lokacin sai ka ga maraƙa masu faɗin ƙirji da baƙin kunne, ba sai an gaya maka daga ina suka fito ba. Mahauta daga birni har gida suke biyo mu, su tsaya suna matsa cinyar maraƙi suna ƙoƙarin ɓoye sha'awarsu don kada a tsauwala musu.

Sai ruwan noman rani ya zo. Ya daɗe da isa wasu garuruwan kafin a jawo kanal ta wajenmu, amma da ya iso ya iso. Ba zan yi butulci ba. Na ga alkama ta yi kore shar a tsakiyar rani, abin da kakana bai taɓa gani ba. Tumatir ne, albasa ce, masu tafiya cin rani suka zauna a gida da iyalinsu. Duk gaskiya ne, ni ma na ci. Amma ba wanda ya tsaya ya tambayi inda saniya za ta sa ƙafa. Gonar da ake sakar wa shanu bayan girbi, yanzu kafin kara ya bushe an tuge shi an ja fangalin ban ruwa. Fadama ta tafi. Burtali kuwa kowa ya ɗan ci taku ɗaya daga gefensa, shekara kan shekara, har ya zama sai akuya ce za ta bi ba ta goga ba. In saniya ta kuskura ta ciji ganyen tumatir guda, sai ka ga dattijo da gemunsa yana kumfar baki yana kiran mai unguwa, mutumin da shekarun baya kaɗan yake aiko mana da goro don a kai masa shanu gona. Harawar da ake jibgewa a kan bishiya ba mai kallonta ta zama kayan sayarwa, har da masu zuwa da mota su ɗiba.

Abin da ya fi ƙona min rai a wannan lokacin shi ne maƙwabta suka daina kawo dami. Son irin Dogo fa ba su daina ba. Sai mutum ya yi lambo, ya san lokacin da muke kai shanu shan ruwa a bakin kanal, ka gan shi ya ɓullo da saniyarsa wai shi ma shayarwa ya zo, igiya kuma ta kuɓuce masa. In Dogo ya gama aikinsa, sai mutumin ya yi ta salati yana ba da haƙuri, ya ja abarsa ya yi gaba. Mutanen sahun farko a masallaci fa, waɗanda in sun gan ka da rediyo sai sun yi maka wa'azi. Baba yana gani, ba ya tanka musu. In ni da yayana mun yi ƙorafi, ya ce mu ƙyale su, ai maraƙin da za a haifa a garin nan zai zauna. Mu kuwa da muke sayo harawar da guminmu, maganar ba ta shigarmu.

A cikin wannan matsi aka haifi Magaji. Uwarsa wata saniya ce da Baba ya yi shekaru yana bin abokinsa Bafulatanin nan kafin ya sallama masa ita, kuma karsana biyu ya bayar a kanta, har Inna ta yi kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba magana. Haihuwarta ta farko mace, ta biyu mace. A ta uku ta sauke namiji. Ina tsaye a wurin, kafin uwar ta gama lashe shi ya miƙe. Baba ya tsuguna ya daɗe yana dubansa, ya auna ƙirjinsa da tafin hannu, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wannan ne zai gaji Dogo. Daga nan sunan ya bi shi. Tun ranar ya hana a tatsi uwar ko ɗigo. Dogo ya fara manyanta, kuma Baba ya san bijimi ba ya dawwama a kan aiki. Duk zaɓen da ya yi tun yana saurayi, duk musanyen karsana, duk maraƙan da ya fitar, a jikin wannan ɗan maraƙi suka taru, kuma babu wani na biyunsa.

Lokacin da Magaji ya shiga shekara ta uku ni na haura ashirin, ina ji da kaina, yayana kuma ya yi aure har da 'ya. Muna da fangalinmu na tumatir, kuma mun gane abin da kowa ya gane. Noman da sauƙi a kan fitar da kwanduna daga gona zuwa bakin titi, inda motocin 'yan gwari ke tsayawa. Tumatir ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu a kwando ya zama ruwa. Mai amalanken shanu shi ne sarki, ya ɗebi nasa, ya ɗebi na wasu a biya shi. Muna da sa ɗaya na aiki, muna neman na biyu da za a haɗa su a karkiya, saye kuma ya fi ƙarfinmu. Ga Magaji a turke, ƙato, yana cin harawa da dusa, a ganinmu ba ya tsinana komai. Mun taɓa gwada ɗaura masa karkiya a ɓoye, ya karya ta, ya kusa tsone wa san aikin ido, don jinin ƙuruciya na ɗibarsa. Irin wannan sai an dandaƙe shi yake kwantar da kai, wato a daddake jijiyoyin marainansa. Daga nan zai yi sanyi ya yi ƙarfi, amma haihuwa shi da ita har abada.

Yayana ne ya kai maganar, ni ina gefensa ina gyaɗa kai. Bayan la'asar ne, Baba yana zaune a zaure yana tufka igiya. Yaya ya jero hujjojinsa tsaf: bijimai biyu suna ci, ɗaya ke aiki, harawa ta yi tsada, mutanen gari sun daina taimakawa, Dogo yana da sauran ƙarfi, in ya so nan gaba a bar wani.

“Wani daga ina?” in ji Baba.

“Ai shanun suna haihuwa, Baba.”

“Suna haihuwa. Ka san shekara nawa na jira kafin a haifi wannan? Ga jan ɗan bijimin nan, ga mai karyayyen ƙaho. Ku ɗauki ɗaya.”

Yaya ya ce waɗannan ba za su iya fitar da amalanke daga taɓo ba. Baba ya ajiye igiyar.

“To wanda ba zai iya jan amalanke ba, shi kuke so ya haifa muku shanu?”

A nan ne ni ma na sa baki, na ce zamani ya canza, yanzu tumatir ke riƙe da gida. Ban manta kallon da ya yi min ba. Ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa Magaji, ya tashi ya ɗauki butarsa.

Bayan sati biyu aka aiko mijin ƙanwar Baba ya rasu a Dawakin Kudu. Baba ya tafi, zai zauna har sadakar uku. Ba zan ɗora wa yayana laifin shi kaɗai ba, ko da yake na yi shekaru ina ɗora masa. Shi ya kawo shawarar, amma ni na hau keke na je wajen Kadawa na ɗauko mai dandaƙa. Da mutumin ya ga Magaji sai da ya ja ya tsaya. Ya zagaya shi sau biyu, ya tambaya ko mun tabbata, ko maigidan ya sani. Muka ce shi ya bar mana sallahu. Inna ta fito ta tsaya a bakin garke ta ce mu ji tsoron Allah mu jira ubanmu, Yaya ya ce ta koma ciki, wannan aikin maza ne. Mu shida muka taru kafin muka kayar da shi, ni nake danne da wuyansa. Aka sa itace a ƙasa, aka ɗauko gudumar icce. Ƙarar ba ta da yawa, tim, tim, kamar ana dakan ɗanyen abu a turmi. Magaji bai yi ruri ba, wani nishi yake yi da nake ji yana ratsa gwiwoyina, Dogo kuma yana can a turkensa yana ta haƙar ƙasa da ƙafa. Kafin hantsi ya yi zafi an gama. Mutumin ya karɓi ladansa ya tafi, ko zama bai yi ba.

Ranar da Baba ya dawo, bai shiga gida ba sai da ya bi ta garke, kamar yadda ya saba. Ya ga yadda Magaji ke tsaye, ƙafafun baya a buɗe, kai a ƙasa. Ya sunkuya ya duba. Mun shirya wa zagi, mun shirya wa duka ma, Yaya har ya tanadi amsoshinsa. Baba ya miƙe, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a kan danga, ya ce wa Inna ta ɗora ruwan zafi. Shi da kansa ya yi ta gasa masa kumburin safe da yamma har ya warke, bai bar ɗayanmu ya riƙe masa ko ƙwarya ba. Da ya gama na ranar farko, yana wanke hannu, ya yi magana ba tare da ya dube mu ba.

“Da sayar da shi ma kuka yi, da yana can yana haihuwa a garken wani.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Abin haushin, shekarar nan mu muka yi gaskiya a idon kowa. Magaji ya karɓi karkiya, ya ja abin da ba a taɓa ganin sa ya ja ba. Inda amalanken wasu ke maƙalewa a taɓo, namu ya wuce. Muka yi wa ɗakin Inna rufin kwano, na canza keke, mutane suna cewa 'ya'yan wane sun fi ubansu sanin duniya, mu kuwa kanmu na daɗa kumbura. Da aka ga haka, kowa ya koma garkensa ya zaɓi ɗan bijimin da ya fi kyau, 'ya'yan Dogo ne fa dukkansu, ya miƙa wa guduma. Wanda ya biyo shi a kyau kuma a kai kasuwa, don shi ke kuɗi. To me ya rage yana hawan shanu? Tarkacen da karkiya ta ƙi, mahauci ma ya ƙi. Kowa da hannunsa ya tsince masu kyau ya fitar, yana murna wai ya rage wa kansa ɗawainiya. Manomin da ko yunwa za ta kashe shi ba zai daka zangarniyar da ta fi kyau ba, sai ya ware ta ya rataye don iri, shi ne ya yi wa shanunsa haka. Har yau na kasa gane inda hankalinmu ya tafi, kuma mu ne muka buɗe ƙofar.

Ranin da ya biyo baya, harawa ta yi tsadar da ba a taɓa ji ba. Muka sake zuwar wa Baba da wata dabarar ragin kashe kuɗi: a haɗa shanun duka, har da Dogo, a ba Bafulatanin nan ya tafi da su kudu inda daji yake da sauran ciyawa, a bar shanun aiki biyu kawai a gida. Dogo bai taɓa fita rani ba, a turke yake yi. Wannan karon Baba bai yi musu ba. Ya ce mu yi yadda muka gani, tunda mu ke sayen harawar. Ya raka su har ƙarshen abin da ya rage na burtali, ya tsaya har suka ɓace, ya dawo.

A ranin ne ciwon bushiya ya shigo ƙasar. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Saniya ta fara da hawaye da majina, baki ya yi gyambo ta kasa cin ciyawa, sai zawo, kwana kaɗan ta faɗi ba ta ƙara tashi ba. Duk ranar kasuwa da irin labarin da ake dawowa da shi. An zo an yi wa shanun gida allura, Magaji da abokin karkiyarsa suka samu, na daji kuwa kafin allura ta kai gare su ciwon ya riga ta. Bafulatanin ya dawo da shanu huɗu daga cikin namu, nasa ma da suka rage ba su fi haka ba. Ya zauna a zaure ya kasa haɗa ido da Baba. Ya ce Dogo yana cikin na farkon da suka faɗi. Baba ya ce Allah ne ya bayar kuma Shi ya karɓa, ya shiga ba abokin nasa haƙuri kamar shi ne ba a yi wa asara ba. Na san ciwon daga Allah yake, ban taɓa musun wannan ba. Amma gudumar nan a bayan kekena ta zo.

Yanzu in na zauna a bakin kanal da yamma, 'yar ƙurƙura ce ke ta wucewa da kwandunan tumatir tana hayaƙi. Amalanken shanun ma da muka yi ɓarnar dominsa ya kusa ɓacewa. Kiwon yanzu kuwa, mutum ya sayo sa ramamme, ya ɗaure shi wata uku yana ɗura masa dusa, salla ta zo ya sayar, ya ce shi makiyayi ne. Ba mai haƙurin ajiye saniya ya jira 'yarta, ya jira jikarta. Wani lokaci a tara mu a inuwa, wasu samari masu takardu su zo suna yi mana bayanin iri, wai shanunmu ba su da kyau, sai an kawo jinin na waje an gyara su. In na ce musu a garin nan an yi shanun da mahauta ke biyowa har gida, sai su yi min murmushin nan da ake yi wa tsoho in ya fara zuba. Su ban cika jin haushinsu ba, abin da suka tarar suke faɗa. Haushina yana kan mu da muka gani da idonmu.

Amma abin da ya fi zama min a rai ya faru ne bayan ciwon ya lafa. Damina ta sauka, ciyawa ta fito ko'ina babu shanun ci. Wata rana da hantsi ina ƙofar gida ina gyaran amalanke, Yaya yana gona, sai ga wani dattijo Bafulatani da ban taɓa gani ba, taɓo har ƙaurinsa, yana jaye da karsana biyu. Ya yi sallama, na yi masa iso wajen Baba a zaure. Bayan gaisuwa ya ce kwanansa biyu yana tafe, daga can gaba da Bunkure. Garkensa kaf ya tafi, waɗannan biyun kaɗai suka tsira, kuma daga su yake so ya sake tada garke ya bar wa jikokinsa. Bai yarda ya kai su ga ƙananan bijiman da suka rage a wajensu ba. A kasuwa aka ba shi labari wai a gidan nan akwai wani farin sa, ɗan Dogo, da ciwon bai taɓa ba. Ya ce in an yarda zai zauna ko a gindin bishiya ne har karsanan su nemi sa, zai kuma yi mana kiwo a madadin abincinsa. Daga inda yake zaune yana hango Magaji ta kan danga, ya cika ya batse, fatarsa na sheƙi. Dattijon ya yi ta hamdala, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro.

Baba ya juyo ya dube ni.

“Kai shi ya gani.”

Tsakanin zaure da turke bai fi taku ashirin ba. Dattijon yana gaba yana sauri, yana yi wa Magaji magana da Fulatanci a hankali, ni ina biye. Ya shafa tozo, ya bi gadon baya da tafin hannu, ya zagaya ta baya, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, ni ya duba.

“Ɗana, wa ya yi wannan?”

“Ni ne, Baffa.”

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko zan taimaka wa karsanan da ruwa. Na ja guga na zuba musu, suka sha. Inna ta aiko masa da fura, ya ce ya gode, a ƙoshe yake. Ya leƙa zaure ya yi wa Baba sallama, ya kama igiyoyinsa ya koma ta hanyar da ya zo. Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya sako labule. Ni kuma na ɗaura wa Magaji karkiya, don akwai takin da za a kai gona.